Muryar Mama Zalla

Sai da Zuma ta rasu sannan ɗanta ya gano ashe uwarsa ta iya waƙa. Ba wai da can bai sani ba. Da waƙar aka yi goyonsa, da ita aka kai shi makaranta, har ya zama manajan wani ƙaton kantin kujeru da gadaje, wanda duk unguwa ba a kiransa da komai sai Manaja. Sani kam ya sani, so ne ba ya yi a sani. Shi ya sa ranar da ya kwaso uwar da ƙanwarta ya sauke su a ɗakin baya na gidansa, doka ɗaya ya kafa musu: a ci, a sha, a kalli talabijin, amma kada a ɗaga murya, don maƙwabtansa manyan mutane ne.

Ƙanwar ita ce Amshi, kuma aikinta ne ya ba ta sunan. Zuma irin waƙar nan ta zamani da ake kira sol take yi, wadda ake jawowa a hankali tun daga ƙasan ƙirji, har mai sauraro ya ji idonsa ya kawo ruwa bai san dalili ba. Sai dai ba ta taɓa kai waƙa ƙarshe ita kaɗai ba. Duk waƙoƙinta tambaya ce da amsa: ta jefa, ta yi shiru, ƙanwar da ke tsaye a bayanta ta cafe. Haka suka ƙare ƙuruciyarsu a otal-otal da ɗakunan taro, ana tafa musu da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da cokali. Faya-fayan da suka buga ba su yi kasuwa ba. A hoton bangon faifan kuwa kafaɗar Amshi ce kawai ta fito, ita ma rabi.

Da masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, Amshi ta rage ita kaɗai a ɗakin, da gadaje biyu, da wata fanka mai ƙara, da akwatin kayan waƙarsu a ƙarƙashin gado. Ɗakin ba wani abin a zo a gani ba ne, tagarsa ma katangar maƙwabci take kallo. Amma nan ta yi jinyar yayarta, nan ta rufe mata ido, kuma duk duniya ba ta da inda take so ta ƙarasa kwanakinta sai nan. Da safe in tana shara takan tsinci kanta tana rera nata ɓangaren ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ga ni nan," ta yi shiru daidai tsawon baitin Yaya, ta share bayan ƙofa, ta sake cewa, "Ga ni nan." Ba ta takura wa kowa ba, babu kuma wanda ya damu da ita.

Wata 'yar rediyo ce ta jawo mata. Yarinyar tana da shirin tsofaffin waƙoƙi, ta tsinci faifan Zuma a wurin masu gwanjo, ta sa shi don cike lokaci. Kafin a ce me, waya ta ɗauki ruri. Mutanen da ba su taɓa sayen faifan ba suka yi ta bugowa suna rantsuwa da waƙar suka tashi, suna tsine wa zamanin da bai san darajar Zuma ba.

Amshi ba ta san ana yi ba, sai ganin Manaja ta yi da rana tsaka a bakin ƙofarta, mutumin da ko lokacin jinya sai dai ya leƙo ya ce ya jiki ya juya. Ya shigo baki har kunne, ya yi tuntuɓe da bokiti.

"Inna, kin san abin da ya faru yau? Mai kamfaninmu da kansa ya shigo kanti yana waƙar Mama! Wai an yi asarar baiwar Allah, wai ko 'ya'yanta suna ina, oho. Na ce ranka ya daɗe, ai ga ɗanta a gabanka. Sai da ya rungume ni, Inna!"

"To madalla, Tilo. Da bara ya tambaya, da ya same ta da kanta."

Tilo shi ne sunan da suke kiransa tun yana rarrafe, don shi kaɗai Zuma ta haifa, kuma ya tsani sunan. Yau ko a jikinsa. Waige-waige kawai yake yi yana auna bango da ido.

"Ina kayan Mama? Rigunan nan masu ƙyalƙyali?"

"Waɗanda ka ce in ka sake ganinsu a igiyar shanya za ka sa musu ashana?"

"Haba Inna, ke ba kya mantuwa. Wannan ai tsohon zance ne."

Washegari masu fenti suka iso. Matar Manaja, wadda kowa ke kira Madam, ita ta zo da bayani, da murmushinta mai kyau. Ta ce za a ɗan gyara ɗakin ne don mutane sun fara tambayar inda Zuma ta zauna, kuma warin fenti ba shi da kyau ga ƙirjin tsoho.

"Kwana biyu ne kawai, Inna. Na sa an share miki sito, an sa katifa. Da ya bushe kin dawo."

"Ni fa fenti bai taɓa yi mini komai ba, 'yar nan."

"Ai lafiyarki muke dubawa."

Sito dai sito ne. Buhunan hatsi a gefe guda, kekunan yara da suka girme su a gefe guda, ga tsohon firji da ya mutu aka mayar da shi ma'ajiyar kwalabe. Taga babu, sai wasu 'yan ramuka can kusa da rufi. Amshi ta shimfiɗa zaninta, ta rataye mayafi a hannun keke, ta ce wa kanta ai ta kwana a bayan mota tare da ganguna, kwana biyu a sito ba zai kashe ta ba.

Fenti ya bushe, ya sake bushewa. Sai aka ce a jira kafet. Kafet ya zo aka ce a jira mai wuta, don za a sa na'urar sanyi. Ranar da Amshi ta ji na'urar tana huci sai da ta tsaya a tsakar gida ta riƙe haɓa. Ta tuna yadda Yaya ta yi ta roƙon a gyara musu fanka a watannin zafi, ana cewa sai mai gyara ya samu sarari, har ta koma ga Allah bai samu ba. Yanzu ga sanyi nan yana kaɗa riguna.

Da ta samu ta leƙa, ɗakin ya zama wani iri. An fitar da gadajensu duka biyu, an kawo wani shirgegen gado daga kantin Manaja, mai madubi a kai, wanda Zuma ko a mafarki ba ta hau irinsa ba. An sa gashin kantinta a akwatin gilas. A bango an rataye riguna biyu masu ƙyalƙyali iri ɗaya, an ja jar igiya a gabansu.

"Tilo, ina gadona?"

"Inna, ɗakin tarihi ne yanzu. In mutane suka ga gado biyu za su ɗauka cunkusa Mama muka yi."

"Ai cunkusa mu aka yi."

"Ki bar wannan maganar, don Allah."

"To waccan rigar ta hagu tawa ce. Ba ka ga ta fi gajarta ba?"

Madam ta yi dariya ta dafa ta. "Inna ke nan! To ke yanzu ina za ki da ita? Biyun sun fi kyau a ido. Za mu ce ɗaya ta farkon tashenta ce."

Baƙi suka fara zuwa. Ɗalibai, da masu ɗaukar hoto, da tsofaffin maza masu cewa saura kaɗan su auri Zuma, waɗanda Amshi ba ta taɓa ganin ko mai kama da su ba. Duk ranar da za a yi baƙi, Madam takan leƙo sito tun da hantsi ta ce Inna ta yi kwanciyarta ta huta, kada hayaniya ta tayar mata da hawan jini. Amshi ba ta da hawan jini. Abin da take da shi baki ne, kuma shi ake tsoro. Sau ɗaya ta kuskura ta fito ɗibar ruwa, wani saurayi mai kyamara ya gaishe ta ya tambaye ta ko ta san marigayiya. Kafin ta buɗe baki Madam ta iso da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa, ta ce ai Inna ba ta ji sosai, ta ja ta kicin.

Tari ya kama ta a siton nan, irin mai tashin mutum zaune. Aka saya mata maganin tari mai zaƙi, aka ce sauyin yanayi ne. Ƙafarta ta fara kumbura don babu wurin miƙe ta sosai, aka ce gishiri ne, aka rage mata a abinci. Duk abin da ya same ta akwai sunansa, kuma sunan bai taɓa zama sito ba. Ita kuwa duk bayan 'yan kwanaki sai ta tari Manaja a bakin mota.

"Tilo, yaushe zan koma ɗakina?"

"Bari a gama taron nan, Inna."

Taron shi ne babban abin da ya sa a gaba. Zai tara manyan gari a gidansa a tuna da Zuma, 'yar rediyon nan za ta zo ta watsa kai tsaye, mai kamfani ne babban baƙo. Don haka ya kira wani injiniyan sauti ya wanke tsofaffin waƙoƙin, a cire musu ƙarar allura da shuu ɗin tsufa. Ranar da Injiniya ya zo da kwamfutarsa, mai aiki ba ta nan, sai Amshi aka ba tiren shayi ta kai falo. Tana shiga ta ji muryar Yaya tar kamar tana bayan labule.

Injiniya ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya ce, "Yallaɓai, akwai murya ta biyu a baya, wata mace. Yanzu na'ura tana iya raba su. A bar ta ko a cire?"

Manaja yana danna waya ya ce, "Cire. Muryar Mama zalla nake so. Mutane ita za su zo ji."

"Sai dai fa waƙar kamar..."

"Malam, uwarka ce ko tawa?"

Amshi ta ajiye tire a hankali. Abin ma dariya ya ba ta. "Tilo, in ka cire waccan, da wa uwarka za ta yi magana?"

"Inna, wannan harkar kwamfuta ce, ba za ki gane ba. A ƙaro sukari."

Ta je ta ƙaro sukari. A hanya ne dariyar ta ɗauke mata, don sai a lokacin ta gane ba daga ɗaki kaɗai ake fitar da ita ba. Ta ji zafin abin ƙwarai, zafin da ko mutuwar Yaya ba ta zo mata da irinsa ba, don ita mutuwa ba ta raina mutum.

Ana saura 'yan kwanaki taro, Madam ta zo wucewa ta ƙofar sito ta ji ana cewa "Ga ni nan," a yi shiru, a sake cewa "Ga ni nan." Ta tafi a guje ta gaya wa mijinta cewa Inna ta fara amsa kiran matattu. Da yamma sai ga su su biyu, sun tsaya a bakin ƙofa don ciki ba ya ɗaukar mutum uku.

"Inna, mun samo miki wani wuri," in ji Manaja, yana sosa ƙeya. "Gidan kula da tsofaffi ne, amma na zamani. Akwai nas, akwai lambu, har da tsuntsaye."

"Ni tsuntsu na ce maka ina nema?"

"Za ki samu sa'o'inki ku yi ta hira," in ji Madam. "Nan kaɗaici ya yi miki yawa, har kin fara magana ke kaɗai."

"Waƙa nake yi, 'yar nan."

"Waƙa ai ba ta da rami a tsakiya, Inna."

Amshi ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan ita ta goya shi a bayan dandamali, tana amshi tana jijjiga shi, don kada kukansa ya shiga makirfo. Ta so ta faɗa masa haka, sai ta ga ya riga ya duba agogo.

"Ɗakina kawai nake so, Tilo. Ko a ƙasa ne zan kwanta. Ba zan taɓa muku komai ba."

"Bari dai a gama taro," ya ce. Amma wannan karon ta san abin da yake nufi: ana gama taro sai gidan tsofaffi.

Ranar taro gida ya cika ya batse. An kafa rumfa a tsakar gida, an jera kujerun kanti da ledarsu ba a cire ba, don Manaja ya ce gobe za su koma. An kafa lasifika biyu manya, ga hoton Zuma ya kai tsayin ƙofa, an yanke rabin kafaɗar nan tas. Amshi kuwa aka ba ta babban matsayi a kicin, wato wanke kofuna, saboda a cewar Madam babu wanda ya kai ta tsabta. Tagar kicin tana kallon bayan rumfar, don haka komai a kunnenta.

Manaja ya yi jawabi, ya yi shi da kyau kuwa. Ya ce mahaifiyarsa ba ta taɓa yin shiru a gidan nan ba, da waƙarta suke tashi, da ita suke kwanciya. Maƙwabtan nan manyan mutane suka yi ta gyaɗa kai, wani ma ya ce shi shaida ne. Da ya zo kan jinya sai murya ta sarƙe masa, ya ciro hankici, mai kamfani ya miƙe ya dafa kafaɗarsa. Amshi ta ɗauraye kofi ta kife, ta ce a ranta, ashe dai yaron ya gaji wani abu a harkar dandamali.

Sannan ya ɗaga hannu ya ce yanzu za a ji muryar Mama yadda ba a taɓa jinta ba. Shi kansa bai saurari aikin ba, farkonsa kawai aka sa masa a waya ya ce ya yi.

Kiɗa ya tashi a hankali, ƙaho yana bin fiyano. Zuma ta shigo da dogon baitinta na buɗewa, muryar nan mai kauri da ɗan tsatsa a gefe, wurin ya yi tsit. Mata suka fara lumshe ido. Sai ta iso inda waƙar take juyawa, ta ja numfashi ta tambaya:

"In hanya ta yi mini tsawo, wa zai jira ni?"

Fiyano ya ci gaba shi kaɗai. Babu wanda ya amsa. Waɗanda suka saba jin waƙar a rediyo suka buɗe ido suka dubi lasifika, wani ya ce ko waya ce ta cire.

A kicin Amshi ta matse soso a hannu. Ta ce wa kanta ba ruwanta, zalla suka ce suna so, ga zalla nan su sha.

"In muryata ta dushe, wa zai ji ni?"

Shiru ya sake biyowa, ya fi na farko tsawo a kunne. Aka fara gyaran murya ana motsa kujeru, leda tana ƙara. Manaja ya harari Injiniya, Injiniya ya harari ƙasa. Zuma dai tana can cikin lasifika tana jira, ana jin jan numfashinta, don wankin ya fito da komai.

Wannan numfashin ne ya karya Amshi. Ta san shi. Haka Yaya take yi in ta jefa tambaya tana sauraron bayanta, kuma tun suna 'yan mata ba ta taɓa barinta ta jira a banza ba, ko tana zazzaɓi, ko sun yi faɗa ba sa magana. Yau ga ta a gaban jama'a tana kira ana kallonta.

"In kowa ya watse, wa zai rage?"

"Ga ni nan!"

Ba ƙasa-ƙasa ta yi shi ba. Da dukan ƙirjinta ta yi, yadda ba ta yi ba tun ranar da suka shigo gidan, tarin ma ya ji kunya ya koma. Muryar ta fita ta tagar kicin ta sauka daidai inda aka goge ta, ba gaba ba baya. Zuma ta sake jefowa, ta sake cafewa. Suka tafi tare har ƙarshen waƙar, ɗaya a lasifika ɗaya a gaban wurin wanke-wanke, kumfa yana bin gwiwar hannunta. A amsar ƙarshe ta ƙara abin da babu shi a faifai, ta ce, "Ga ni nan, Yaya, ga ni nan."

Da kiɗan ya tsaya babu wanda ya tafa da farko. Mai kamfani ya cire tabarau yana goge ido da bakin riga. Sannan tafi ya ɓarke, irin na hannu biyu.

'Yar rediyo ce ta fara isowa kicin, tana jan wayar makirfo a bayanta, jama'a na biye. Madam ta sha gabanta tana cewa wata tsohuwa ce da suke riƙo, ba ta da cikakkiyar lafiya, a yi haƙuri da hayaniyar. Yarinyar ko kallonta ba ta yi ba. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti.

"Mama, ke ce ta cikin faifan! Wallahi ke ce! Na yi ta cigiyar mai muryar nan, aka ce mini ba a san ta ba."

"Ni ce, 'yata. Bari in ɗauraye hannu."

"Mece ce ke a wurinta?"

"Ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya."

"Yanzu a ina kike zaune?"

Amshi ta buɗe baki, amma Manaja ya riga ta. Ya ratso mutane ya rungumo kafaɗarta, ya sunkuya kan makirfo.

"A ina kuwa, in ba ɗakin Mama ba? Innata ce, ita ta goya ni. Wannan shiri ne muka yi don mu ba ku mamaki, shi ya sa muka bar mata gurbinta a waƙar. Ina shaida wa duk mai saurare, muddin ina raye Inna ba za ta bar ɗakin nan ba."

Aka sake tafi. Amshi ta san ƙarya yake shararawa, amma ba ta damu ba. Ya faɗa a rediyo, gari ya ji, mai kamfani ya ji. Daɗi ya kama ta har ta yafe masa fanka, ta yafe masa gado, ta kusa yafe masa kwamfuta.

Da gari ya waye ta naɗe katifarta, ta ƙulle 'yan kayanta a zani, ta ɗauko mayafi daga hannun keke, har da yi wa mataccen firji sallama. Ta tarar da Madam a ƙofar ɗakin tana fesa turare.

"A'a, Inna, ina za ki da katifa?"

"Ɗakina. Ba ki ji mijinki jiya ba?"

"Na ji mana. Ai ga kujerarki can an sa miki. Amma kayan nan ki mayar, za su ɓata tsari. Zo ki sa rigarki, baƙi sun kusa."

Ashe haka abin yake. An ajiye wata kujera mai laushi a bayan jar igiya, kusa da gadon madubi. An sauko da gajeriyar rigar, wadda yanzu aka amince tata ce. Aka sa mata, aka ɗan shafa mata hoda, aka zaunar da ita. In baƙi suka taru sai a kunna muryar Mama zalla, ita kuma ta cike gurbi. Maganar gidan tsofaffi ta bi ruwa, don ba a kai kaza mai ƙwai kasuwa. An canza mata maganin tari zuwa mai tsada, saboda murya. An ma ce ta daina wanke-wanke, kada sanyi ya kama ta.

Ta yi musu waƙar kuwa, ba don su ba. Duk sanda Yaya ta tambaya ba ta iya ƙin amsawa, kuma sun gane haka, shi ya sa ba sa ko roƙonta, maɓalli kawai suke dannawa. Tsakanin rukunin baƙi da rukuni takan zauna ta dubi kusurwar da gadonta yake a da, inda yanzu aka sa tukunyar fure ta roba. Tana cikin ɗakin daga hantsi har rana ta yi sanyi, amma ba ta da izinin jingina da bango, don fenti.

Irin wannan zaluncin ba ya tara maƙwabta, don babu duka babu zagi. Kowa a gidan yana gaishe ta da ladabi, kowa yana da dalilinsa mai kyau, kuma in ka tambaye su za su rantse gata suke yi mata, har su yi mamakin tambayar. Waɗanda suka hana Zuma buɗe baki tana raye su ne suke karɓar gaisuwa a kan muryarta, wadda ta rage kuwa sun mayar da ita ɗaya daga cikin kayan ɗakin, bambancinta da gashin kanti shi ne shi yana kwana a ciki.

Wata yamma, a rukunin ƙarshe, akwai wata mata mai jiki da ta yi kuka tun daga baitin farko har na ƙarshe. Da aka gama ta miƙo hannu ta saman igiya ta kama na Amshi.

"Mama, kin yi sa'ar ɗa. Dubi ɗaki, dubi sanyi, dubi gado! Wallahi wasu tsofaffin a sito ake ajiye su."

"Ke dai bari," in ji Madam, tana girgiza kai. "Mutane yanzu babu tsoron Allah."

Amshi ta dubi matar, ta ga da zuciya ɗaya ta faɗa, har yanzu hawaye ne a fuskarta. Ta ɗan matsa hannunta ta ce ta gode, Allah ya kai ta gida lafiya.

Baƙi suka fita. Madam ta kashe na'urar sanyi, ta taimaka mata ta cire rigar, ta karkaɗe ta ta mayar bango kusa da 'yar'uwarta. Amshi ta ɗaura zaninta, ta ɗaga ƙafar nan mai kumburi ta tsallake igiya da ƙyar, ta fito. Madam ta ja ƙofa, ta murza makulli, ta jefa shi a jaka.

"Inna, ki kwanta da wuri," ta ce. "Gobe akwai baƙi."